Gwaggo a Kan Gangare

Batir sabo. Jarkar dizal. Matatar mai a kwalinta. Fulogin ɗumama inji. Sifanu naɗe a tsumma, wayar gwajin wuta, guntun tiyo, da ledar maganin Baba.

Abin da Auta ta ɗauko ke nan. Tufafi kuwa, na jikinta ne da kala ɗaya a ƙasan jaka. Jarkar tana cikin but ɗin bas, bayan gardama da direba. Batirin yana tsakanin ƙafafunta, duk ramin da aka faɗa sai ya dakar mata idon sawu. Dattijuwar da ke gefenta ta dubi batirin, ta dubi baƙin da ke ƙarƙashin farcen Auta.

"'Yata, ina za ki da wannan kaya?"

"Gwaggonmu ce ta kwanta."

"Allah sarki. Allah ya tashi kafaɗunta."

"Amin," in ji Auta.

Gwaggo mota ce. Tsohuwar mai dizal ce, doguwa, ruwan ƙasa, ta girmi Auta. Yaran gidan ne suka raɗa mata sunan, don ba ta tashi da safe sai an gaishe ta an jira. A cikinta Baba ya yi duk shekarunsa na aikin safiyo, yana yawon awon filaye da gadoji.

Yanzu Baba ba ya zuwa ko'ina. Ɓarin jikinsa ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Likita ya ce a riƙa kai shi asibiti gashin ƙashi, in ba haka ba ƙafar za ta sandare a yadda take. Sau ɗaya aka kai shi, a tasi. Maza biyu suka ɗauke shi, suka naɗe shi kamar tabarma suka cusa, wandonsa ya zame a gaban maƙwabta. Da aka dawo ya shiga ɗaki bai sake fitowa ba. In aka yi masa maganar asibiti, kalma ɗaya yake faɗa: "Gwaggo."

Kowa ya san dalili. Kujerar Gwaggo tana da tudu, ƙofarta tana buɗewa wangale, kuma akwai mariƙin ƙarfe a gaban kujerar fasinja, wanda Baba ya sa aka ɗaura wa Mama lokacin da gwiwarta ta fara ciwo. Mai hannu ɗaya zai iya shiga da kansa. Sai dai Gwaggo ta ƙi tashi.

Mama ce ta kira Auta a waya. Ta ce Yaya ya gaji, ya kira mai sayen gwangwan, yau da yamma zai zo ya ja motar. "Ke da kike gyara wa mutane janareto a can, ki zo ki duba ta gida. Idan motar nan ta bar gidan nan, ubanku ya gama fita."

Auta ta iske Yaya a tsakar gida, hannu a ƙugu.

"Injiniya an iso," ya ce. "Har da batir? An sake batir, Auta. An sake komai."

"Sannu da gida, Yaya. Ni ma na iso lafiya."

Ya yi ɗan murmushi ya karɓi jarkar. Ya rame. Shi ke kwana da Baba, shi ke yi masa wanka, da safe ya wuce makarantar da yake koyarwa.

Ta shiga ta gaida Baba. Ɗakinsa na baya ne, tagarsa tana kallon wurin shanya. Yana kwance, an yi masa aski, sandarsa tana jingine nesa da gadon. Ya dube ta, ya dubi hannuwanta.

"Kin... zo."

"Na zo, Baba. Zan duba ta."

Ya lumshe ido. Ta ajiye maganin ta fita.

Farfajiyar gidan gangare ce, daga get ta sauko har katangar baya. Gwaggo tana can ƙasa, bayanta ga katanga, hancinta yana kallon get. Ƙura ta rufe gilashinta, wani ya zana fuska da yatsa a kai.

"Faɗa mini daga farko," in ji Auta, tana ɗage bonet.

Yaya ya faɗa. Bayan abin tasi, ya ce to, a Gwaggo za a kai Baba. Ya tashe ta da yamma lafiya lau, ya zaga da ita, ya dawo. Da safe an shirya Baba, an sa masa hula, yana zaune bakin gado yana jira. Aka murɗa makulli, inji ya yi ta juyawa, shiru. Bakanike na farko ya yi 'yan dabaru ta tashi, har ya yi musu dariya. Washegari ta koma gidan jiya. Na biyu ya saurara da kunne ya ce babban famfon mai ne ya mutu, kuma ba a samun irinsa.

"Ya kwance ya gani?"

"Ya ce ba sai ya kwance ba."

"Ashe boka ka kira."

Ta sa batirinta, don ta san lafiyarsa. Ta ce Yaya ya ba ta wuta. Injin ya juya da ƙarfi, gurr-gurr-gurr, kamar mai tari ba ya fitar da komai. Ta zagaya baya ta tsuguna a bakin salansa. Babu hayaƙi, ko ɗigo. Ta sa hanci, babu warin mai.

"Tsaya haka."

"Me kika gani?"

"Ban ga komai ba, shi ne labarin. Da fulogin ɗumama ne suka mutu, da ta yi farin hayaƙi. Mai ne ba ya isa ciki."

Ta bi hanya ɗaya bayan ɗaya, yadda take yi a wurin aiki. Akwai ɗan makunni a jikin babban famfo da ke buɗe wa mai hanya; ta sa yatsa a kai, Yaya ya murɗa makulli, ta ji ƙas. Yana aiki. Ta sake matatar mai, ta cika sabuwar da dizal kafin ta ɗaura. Sannan ta kama ɗan famfon hannu da ke saman matatar, wanda ake dannawa a jawo mai daga tanki. Ta danna. Ta yi ta dannawa. Ya kamata ya yi tauri in mai ya hau. Bai yi ba. Laushi kawai, kamar tana danna soso. Ta sassauta notin fitar da iska, sai kumfa da huci.

"Iska take sha," ta ce. "Akwai huda a wani wuri tsakanin tanki da nan."

"To a nemo."

"Hudar da ke shan iska ba ta zubar da mai, Yaya. Ba ta barin alama."

Ta bi tiyo da yatsa, busasshe ƙayau. Ta shimfiɗa kwali ta shiga ƙarƙashi. Bututun ƙarfe ya bi cikin motar har baya, ya yi tsatsa amma bai fashe ba. Rana ta karkata. Mama ta leƙo sau biyu ta ce abinci yana hucewa. Auta ta ci gaba da jan jiki da baya, har ta kai ƙarƙashin but.

A nan gwiwar hannunta ta sauka a kan wani abu mai santsi. Ta juya kai. Tabon baƙin mai ne a simintin, faffaɗa, mai kauri, irin wanda shekaru ke tarawa ɗigo-ɗigo. Ta dube shi. Ta dubi abin da ke samansa: tayar ko-ta-kwana da tankin mai. Babu abin da zai zubar da baƙin mai a nan. Inji ke zubar da shi, inji kuwa yana can gaba.

Sai ta tuna Mama tsaye a tsakiyar titi kowace safiya, tana ɗaga hannu tana tare masu keke, Baba yana fitowa da baya, wuyansa a murɗe. Ta tuna mitar da aka sha yi masa. Malam, ka riƙa shigowa da baya mana, ka huta mu huta. Shi kuwa sai ya ce, "Haka take so." Ta tuna ba ya kwana da rabin tanki, ko da gida babu sukari.

Ta fito ta karkaɗe zani.

"Yaya, wa ya juya ta?"

"Ni. Don kada a yi ta fama da ribas da mara lafiya a ciki. Da an tashi, sai get."

"Baba ya sani?"

"Ina zai sani? Rabonsa da farfajiyar nan tun ranar tasi."

Auta ta goge hannu a tsumma. "Zo mu fito da shi."

"Ba zai yarda ba."

"Bakin baranda kawai. Babu mai ganinsa, get a rufe yake."

Bai yarda da sauƙi ba. Sai da Auta ta ce, "Baba, tambaya zan yi maka, kuma sai ka gani da idonka." Suka zaunar da shi a kujerar roba, suka ja kujerar a hankali har ƙofar baranda. Mama ta biyo su da sandarsa. Haske ya sa ya runtse ido. Da ya buɗe, ya ga Gwaggo.

Ya daɗe yana kallo. Sai kafaɗarsa mai lafiya ta fara rawa. Mama ta tsorata ta dafa shi. Dariya yake yi, da rabin baki, har da hawaye a ido ɗaya.

"Wa... ya... juya?"

Yaya ya sunkuyar da kai. "Ni ne, Baba. Na ɗauka zai fi maka sauƙi."

Baba ya miƙa hannu ya kama gefen rigar Yaya, ya ɗan ja, ya saki. Sannan ya shimfiɗa tafinsa a iska, ya karkata yatsun ƙasa, yadda ya saba nuna gangaren hanya.

"Tanki... sama," ya ce. "Inji... ƙasa."

"Hudar ta daɗe ke nan," in ji Auta.

Ya gyaɗa kai.

"Kuma ka sani."

Ya sake gyaɗawa, ba kunya.

Auta ta yi wa Yaya bayani a taƙaice. In hancin motar yana ƙasa kuma tanki a cike, mai da kansa yake gangarowa ya tsaya a bakin inji, hudar ba ta samun damar shan iska. In hancin yana sama, man sai ya zurare ya koma tanki cikin dare, iska ta maye gurbinsa. Baba bai gyara hudar ba. Farfajiyar ya sa ta yi masa aikin.

"Shekara da shekaru ina tsayuwa a titi," in ji Mama, "ashe saboda ɗan tiyo."

"Kin... iya," in ji Baba.

"Ka ji shi ko. Yau baki ya buɗe."

Saura juya mota mai nauyin giwa, ba inji, a kan gangare. Auta da Yaya suka gwada turawa. Gwaggo ta matsa taku ɗaya ta dawo. Suna cikin haka aka yi hon a waje. Mai gwangwan ne, da tsohuwar motar janwe da sarƙa. Gajere ne, mai tumbi, da tsinken sakace a baki. Ya shigo ya yi sallama, ya russuna wa Baba, ya zaga Gwaggo yana ƙwanƙwasa ƙarfenta.

"Ƙarfen da," ya ce. "Yanzu ba a yin irinsa. Malam, in ɗaura?"

Yaya ya dubi Auta.

"Ɗaura," ta ce. "Amma iyakarka titi. Juya ta za mu yi, mu dawo da ita da hanci."

Mutumin ya cire tsinken. "Hajiya, ni fa ɗauka na zo yi, ba gyaran fakin ba."

"Na sani. In ta ƙi tashi bayan an juya, ga ta ga ka, ba mai hana ka."

"In ta tashi fa?"

"Ka sha ruwan sanyi ka tafi da lada."

Ya dubi Baba a kujerar roba, ya dubi ƙafar da aka ɗora a kan matashi. Ya mayar da tsinken baki. "Allah ya sa na yi asara," ya ce, ya fita ya kawo sarƙa.

Sai an buɗe get. Auta ta tsaya da hannu a kan sakata ta waiwayi Baba. In ta buɗe, duk wanda ke titi zai gan shi. Baba ya gyara hularsa da hannu ɗaya, ya ɗaga haɓa. Ta buɗe.

Janwe ya ja, Yaya yana kan sitiyari, Gwaggo ta hau gangaren tana ƙara. A titi aka kwance sarƙa, aka koma aikin hannu. Tela ya fito daga shagonsa da tef a wuya. Mai kanti ya bar kantinsa. Wani mai jiran bas ya ajiye jakarsa ya sa kafaɗa, ba wanda ya san shi. Mama ta shiga tsakiyar titi ba wanda ya aike ta, ta ɗaga hannu, motoci suka tsaya.

"Karya kan duka, Malam!" in ji mai gwangwan.

"Na karya! Sitiyarin ne kamar an kafe shi!"

"Alli kawai ka iya riƙewa. Karya!"

Gaba, baya, gaba. Tela ya hango Baba ta get, ya ɗaga murya. "Safiyo! Ashe kana nan! Mun ce ko ka yi ƙaura ba sallama!" Baba ya ɗaga sandarsa sama. Tela ya mayar da kafaɗa jikin mota.

Gwaggo ta shigo da hanci, ta gangara a hankali, Yaya yana taka burki da ƙafa biyu. Ta tsaya dab da katanga, injinta daidai kan tsohon tabon. Auta ta juye jarkar duka a tanki. Masu turi ba su tafi ba, suka jeru a inuwar katanga, Mama ta kawo musu ruwa.

Auta ta tsaya a kan injin ba ta taɓa komai ba. Jira kawai. Can, a ƙasan wani gajeren tiyo da ke shiga matatar mai, inda ɗaurin ƙarfe ya cije shi, wuri ya fara duhu. Ɗigo ya taru, ya yi nauyi, ya faɗi.

"Ga ki nan," ta ce a hankali.

Ta cire tiyon. Ya bushe kamar ƙirgi, da ta lanƙwasa shi tsagar ta buɗe baki. Ta yanka daidai tsawonsa daga wanda ta zo da shi, ta ɗaura. Ta danna famfon hannu. Laushi, laushi, sai ya fara turjiya, sai ya yi tauri ƙam. Kumfa ta ƙare a bakin notin, dizal tsantsa ya fito. Ta ɗaure.

Saura iskar da ke cikin bututun da ke kai mai kan inji. Wannan aikin mutum biyu ne: ɗaya ya sassauta notuna, ɗaya ya juya inji. Yaya ya nufi kujerar direba. Baba ya buga sanda a ƙasa. Ya nuna Mama.

"Matsa, Babba," in ji Mama. "Wannan aikina ne tun kana goye."

Ba ta taɓa tuƙa mota ba, amma ta zauna ta gyara mayafi, ta duba giya da hannu kamar direban tirela. Ba ta kallon Auta. Baba take kallo ta madubin gefe. Auta ta sassauta notunan da sifana, ta ɗaga wa Baba kai. Ya buga sanda sau ɗaya. Mama ta murɗa. Kumfa ta yi ta tsartuwa. Da mai ya fara fita tsantsa, kafin Auta ta buɗe baki, sandar ta bugu sau biyu. Mama ta saki.

Auta ta ɗaure notunan ɗaya bayan ɗaya. Ta goge hannu. "To, Mama. A gaishe ta tukuna."

Mama ta murɗa makullin rabi. 'Yar fitilar ɗumama inji ta kama, ja-ja. Fitilar ta mutu. Sanda ta bugu.

Gurr-gurr-gurr. Gurr-gurr, tuf. Tuf-tuf. Motar ta girgiza tun daga hanci har wutsiya, ta yi amai da farin hayaƙi, ta biyo da baƙi, sannan ta kama ƙwanƙwasarta ta da, kamar ana dakan ƙarfe a turmi. Tela ya yi kabbara. Mutumin bas ya tuna da jakarsa ya fita da gudu.

Mai gwangwan ya nannaɗe sarƙarsa. "Na yi asara," ya ce. Yaya ya bi shi yana laluben aljihu, mutumin ya ture hannunsa. "Bari, Malam. Ubana ma haka ya kwanta." Ya russuna wa Baba ya tafi. Auta ta bi shi har get.

"Na gode," ta ce. "Allah ya saka."

"Ki sake sauran tiyon ma. Duk sa'annin juna ne."

"Zan sake."

Da ta dawo ta tsuguna gaban Baba, ta nuna masa tsohon tiyon a tafin hannu. "An toshe, Baba. Yanzu ko ina ta kalla za ta tashi."

Ya karɓa ya juya shi, ya sa a aljihun riga. "Hanci... ƙasa," ya ce.

"Na ji."

Sai ya dafa sanda ya fara yunƙuri. Yaya ya kawo hannu, Baba ya girgiza kai. Sai a yunƙuri na biyu ya miƙe. Daga baranda zuwa mota ba nisa, amma ya ɗauki lokaci. Sanda, ƙafa mai lafiya, sannan ya jawo ɗayar. Yaya yana bayansa, hannuwa a buɗe, bai taɓa shi ba. Mama ta kashe injin don hayaƙi, ta miƙa ta buɗe masa ƙofar fasinja daga ciki. Tela da mai kanti suka kawar da kai, suka mayar da ido kan katanga.

Baba ya ba Auta sandar. Ya kama mariƙin ƙarfen, ya juya baya, ya sauka kan kujera. Ya tallafo ƙafar da hannu ya shigar da ita. Ya zauna yana haki, gumi a goshinsa. Ya shafa gaban motar, ya dubi ƙurar da ta kama yatsunsa, ya dubi Yaya. Yaya ya ce zai wanke.

Auta ta kai hannu za ta rufe ƙofar, ta fasa. Baba ya miƙa ya jawo ta da kansa. Ta rufu da nauyinta, gam.

Gilashin a sauke yake. Baba ya nuna Yaya da yatsa.

"Gobe... gashi," ya ce. "Kai... za ka tuƙa."